Labarin da Na Kai wa Inna Kafin Lokacinsa

Shekarun baya, ina shekarar ƙarshe a kwalejin kimiyya da fasaha ta nan Mubi, ciwon sugan mahaifiyata ya kai inda ƙwayoyin magani ba sa riƙe shi, aka mayar da ita kan allurar insulin safe da yamma. Inna 'yar asalin Borno ce, sana'arta haɗa turaren wuta da humra. Garwashi ba ya ba ta tsoro, amma allura kam ta tsane ta. Ita take yi wa kanta a ɗaki, ba ta son a gani.

Likita ya yi mana bayani cewa akwai wata 'yar tsoka a bayan tumbi, a cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu samar da insulin. Nata sun gaji, da yawansu sun daina aiki.

Ni kuwa lokacin na yi sabuwar waya, ina jin kaina rabin likita. Wata rana na ci karo da labarin cewa masana a ƙasashen waje suna neman hanyar farfaɗo da waɗannan ƙwayoyin, ko ma a samar da sababbi. Layi uku na karanta, na taho gida da sauri. Na same ta a tsakar gida tana jiƙa itacen turare.

Na ce, "Inna, an kusa daina allura. An gano yadda za a tayar da ƙwayoyin nan naki."

Ta ɗago kai. "Abin da ya mutu yana tashi?"

"Wannan yana tashi, Inna. Na karanta."

Ban gaya mata gwaji ake yi ba, don ni ma ban karanta har wurin ba.

Bayan 'yan makonni wani mai magani ya zo ranar kasuwa da lasifika, yana cewa jiƙonsa yana gyara cikin mai suga ya koma sabo. Inna ba mai saurin yarda da irinsu ba ce. Amma ɗanta mai boko ya riga ya ce mata abin yana yiwuwa. Ta sayi jiƙon, ta ajiye allura, ba ta gaya wa kowa ba.

Wata rana da hantsi ta fara amai, ƙishirwa ba ta barinta, maganarta ta rikice. A keke napep na kai ta asibiti, kanta a kafaɗata. Nas ɗin da ta karɓe mu 'yar Michika ce, tana sayen turare a wurin Inna. Tana gwada jinin ta dube ni.

"Mama ya bar allura kwana nawa?"

Na ce ba ta bari ba. Sai Inna ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Kwana tara. Ɗana ya ce suna tashi."

Ba ƙarata take kaiwa ba. Yarda da ni ce ta sa ta faɗa, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Da ta farfaɗo, likita ya kira ni gefe. Ya ce, "Abin da ka karanta ba ƙarya ba ne, ana aikin. Amma bai iso hannunmu ba. Abin da muke da shi yau shi ne 'yan ƙwayoyin da suka rage mata. Duk ranar da suga ya hau, ƙara galabaita suke yi. Allurar nan hutu take ba su."

Ranar da aka sallame mu na roƙe ta gafara. Ta ce, "Kai so kake in warke, ni so nake in huta. Kowa ya ji abin da yake son ji." Daga ranar ni nake yi mata allurar, har shekara shida, kafin Allah ya karɓi abinsa.

Har yau ina bin labarin binciken nan, ina fatan ya tabbata ko don na baya. Sai dai yanzu ina karantawa har ƙarshe, kuma na gane cewa marar lafiya ba ya jin "wataƙila", albishir ɗin kawai yake ɗauka.

Kwanaki mahaifin abokina, wanda shi ma yake fama da suga, ya tambaye ni ko gaskiya ne za a iya dawo da ƙwayoyin. Na ce, "Ana ƙoƙari, Baba, amma da saura. Ka yi allurar yau?"

Ashe bai yi ba. Ban tashi ba sai da ya yi.