Kai Jinin Yaya Sahabi Birnin Kebbi

Argungu

Da idar da sallar asuba muka nufi tasha, ni da yayana Sahabi. Magani ya daɗe da kashe muryoyin da yake ji, amma ya bar shi da wata wahalar: in ya karanta layi, kafin ya kai ƙarshe farkon ya gudu. Koyarwar da yake yi a firamare ta tsaya. Likitansa ta ce masu bincike sun zo, suna neman jininsa da na danginsa.

A tasha muka tarar da Kawu Manu, ƙanen mahaifinmu, ya riga ya kame gidan gaba. Ba wanda ya gayyace shi.

"Zuwa ni kai in hana," in ji shi. "Gidanmu babu gadon hauka. Ɗiyana huɗu ba su yi aure ba!"

Hanya

Da jin zancen Kawu, direba ya ce iskokin fadama ne, yana da malami a Augie. Wata mai albasa ta ce sammu ne. Kafin shingen 'yan sanda motar ta cika da likitoci, har ɗan sandan ya leƙo ya ba da nasa maganin. Yaya na zaune tsakiyarsu, ba wanda ya tambaye shi ko sunansa.

Birnin Kebbi

Hantsi muka isa asibiti. Likitar ta ce ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na da 'yan ƙofofin karɓar saƙo, kuma ana zaton wasunsu ba sa aiki daidai a wannan ciwo. Ƙwayoyin gado masu hannu a ciki suna da yawa, ba ɗaya ba ce, kuma mutum kan ɗauke su bai taɓa ciwo ba.

"Kamar wa?" Kawu ya tambaya.

"Kamar ku, Baba, mai yiwuwa. Ku miƙo hannu mu ɗiba."

Nan take Kawu ya tuna yana da ta'aziyya a unguwar Badariya, ya fice.

Yaya ya naɗe hannun riga. "Likita, yaushe zan koma aji?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, maganin wannan mantuwar bai samu ba tukuna. Nemansa muke."

"To ɗibi da yawa," ya ce. "Ina da ɗiya."

Gida

La'asar muka sauka Argungu. Kawu ya riga mu isowa, har ya shaida wa unguwa cewa awon hawan jini ya raka mu. Mun gode Allah da ya maido mu lafiya. Mun gode wa Kawu ma, da ya bar mana gidan gaba a dawowa.