Ƙofar Siton Alhaji Manu

Ku da kuka shigo kamfanin nan kwanan nan kuna ganina da tebur da kwamfuta, kada ku ɗauka da su na fara. Ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da na gyara wa mai digiri zane, ni da ko sakandare ban ƙarasa ba.

Da can dillalin dawa ne ni, ina bin kasuwanni daga Zuru har Mahuta. Da Madam Rahila ta buɗe wannan ofishi na zanen gine-gine, ta ɗauke ni gwajin wata uku, ina sayo siminti da rodi. Ko kujera ba ni da ita, kuma doka ce mai sayayya ba ya sa baki a zane. Saura mako guda a tabbatar da ni, ko in koma bin motocin kasuwa.

Sai ga Alhaji Manu, babban mai hatsi daga Mahuta, yana son sito. Madam da kanta ta zana. A ƙa'idarmu, da mai gini ya sa hannu a zane, sai haƙa tushe. Na shigo nuna mata samfurin bulo, na hango ƙofar a zanen tana kallon gabas, saboda can titi yake. Na daure har Alhaji ya fita salla.

"Madam, ki yi haƙuri, ƙofar nan za ta ruɓar da dawa."

"Ɗanjuma, yaushe ka zama akitek?"

"Ban zama ba. Amma hadarinmu daga gabas yake tasowa. Na taɓa kwashe buhunan da suka tsiro a irin wannan sito. Mu je ki gani."

Na goya ta a mashin zuwa bayan kasuwa. Duk tsohon shagon da muka duba, ruwa ya cinye bangonsa na gabas, wasu an manna musu kwano. Ta bushe da dariya: "Juya mashin, kafin Alhaji ya sa hannu!"

A gaban Alhaji ta ce, "Za mu mayar da ƙofa yamma, mu ɗaga daɓe. Shawarar Ɗanjuma ce."

Alhaji ya dube ni sama da ƙasa. "Ashe kuna da ɗan kasuwa cikin wanga ofis! Don mi kunka ɓoye shi?"

Ran Litinin na tarar da takardar tabbatarwa bisa sabon tebur. Madam ta fara koya mini zane, ta kuma kafa doka: ba zanen da zai fita sai na taka filin.

Ruwan farko bayan an gama ginin, na garzaya Mahuta. Bangon gabas sharkaf, bakin ƙofa ko ɗigo babu! Ihun da na yi har masu dako suka firgita.

Don haka kafin ku ja layi, ku je ku dubi tsofaffin bangayen unguwar. Kuma in kun sami shugaban da ke ambaton sunanku a gaban mai gini, ku riƙe shi. Abin da ya zaunar da ni nan ke nan.