Na matsa masa ya hau jirgi bayan magariba

A lokacin ina 'yar shekara ashirin da shida, muna zaune a unguwar Derrière la Prison, a birnin Libreville. Ni ba mai fita ba ce, daga kicin sai hira da matan gida. Maigidana yana da ɗan kanti a shantiye, can cikin daji inda ake yankan katako, kuma idan damina ta ɓata hanya, ƙaramin jirgin kamfanin mai inji ɗaya ne kaɗai ke fito da mutane.

Da na haihu ba ya nan. Matan gida suka sa ni gaba da tsiya, wai za a yanka rago uban ɗa yana daji yana sayar wa birai sukari. Ina dariya, amma abin yana cina. Ana gobe suna ya kira ni, ya ce jirgin ya makara wajen sauke kaya, sai da safe. Wallahi kunnena ya ji matuƙin a bayansa yana faɗa da Faransanci cewa rana ta faɗi, ba zai tashi ba. Na ji sarai. Na yi kamar ban ji ba, na fashe da kuka, na ce in bai kwana Libreville ba kada ya ƙara kirana matarsa. Ya je ya roƙi shugaban shantiyen, shi kuma ya daka wa matuƙin tsawa.

Injin ya mutu musu a sama, jirgin ya faɗa daji. Daga baya maigidana ya gaya mini cewa ƙasa baƙi ƙirin take, ba fitila ko ɗaya, ba ka bambance kogi da itace. Da a ce da rana ne, da wataƙila matuƙin ya hango fili. Sai bayan kwana uku aka same su. Matuƙin ya rasu, maigidana kuwa har yau bai sake takawa ba.

Ina jin haushin shugaban nan da bai taɓa leƙo mu ba, da matan da suka dawo suna ce mini haƙuri da bakin da suka zuga ni. Amma na fi jin haushin kaina, don ko sau ɗaya bawan Allahn nan, mijina, bai goranta mini ba.

'Yan'uwana mata, idan matuƙi ya ce dare ya yi, ku bar mutum ya kwana inda yake. Inji ɗaya ne, ba shi da na biyu. Sunan da na rantse ba za a yi babu shi ba, haka aka yi shi, babu shi.