Ina Mutum Ke Riƙewa?

A layin allurar maniyyata a Ƙanƙara akwai wani dattijo dogo, mai faso a dugadugai, sanye da sabuwar riga wadda karin ninkinta bai baje ba. Ina tsammanin manomi ne daga wajen Mabai, wataƙila ɗansa da ya sami aiki a Legas ne ya biya masa kujerar Makka. Duk sanda babbar mota ta yi ruri sai ya dubi sama, ya zaro 'yan ƙwayoyin dawa daga aljihu, yana murza su a tafin hannu har numfashinsa ya daidaita.

Wani ya nuna masa ni, sai ya matso.

"Malam, an ce ka hau jirgin nan zuwa Ingila. In ya tashi, ina mutum ke riƙewa?"

"Babu abin riƙewa, Baba, sai iska," na ce. 'Yan layi suka kwashe da dariya.

Shi ma ya murmusa don ya taya ni. Ban faɗa masa ba cewa ni hannun kujera na ƙanƙame tun daga Kano, ina ta salati.

Ga shi can ya koma wurinsa. Ya daina murza dawar. Ya dunƙule ta ne gam a hannunsa.