Kukan Tambari a Tashar Ƙaura

A tashar Ƙaura Namoda, ina jiran motar Zurmi, wani dattijo yana tsaye da jaka a hammata, wuyan rigarsa ya sha ɗinki. Ban san shi ba, amma direbobi sun san shi: Tambari, wanda ya fara wasan kwaikwayo a dandali, ya koma fim, kullum shi ne uban da ɗansa ya mutu.

Kujera ɗaya ta rage a motar Shinkafi, kuma bayan la'asar ba mai bin hanyar.

"Baba, sai ka yi muna kukan nan kahin ka shiga," in ji direban.

Dattijon ya ciro gwangwanin man zafi, ya shafa a ƙasan idanu, ya dafe kai ya rushe da kuka. Ana ta dariya. Ni da na binne 'yata Salma bara, na san ba haka uba yake yi ba.

Direban ya buɗe masa ƙofa. "Wane fim za a yi Shinkafi?"

"Ba fim ba ne. Yarona anka kashe a gona."

Ya goge man da hannun riga, ya zauna yana kallon gaba. Wannan fuskar kam na san ta.