Gwangwanin Boris Daga Fagge Zuwa Damagaram

Asabar: Fagge zuwa Daura

Mun bar gidanmu na Fagge da ƙarfe biyar da rabi, Baba na idar da sallar asuba. Inna ta ɗaura mini ƙuli-ƙuli a bakin zane, ta ce in gaida Gwaggo Yalwa a Damagaram. Ban taɓa wuce Dawanau ba sai ran nan.

Ga abin da ya tayar da mu. Baba makanike ne. Yana da amini a Sabon Gari, Mista Eze, wanda suka yi soja tare suna gyaran motoci. Da aka sallame su, Mista Eze ya buɗe shagon kayan gyaran irin waɗannan motocin na soja, don su ne suka cika hanya a lokacin. Bara ya rasu. Kafin nan ma an fara yayin sababbin motoci a Kano, tsofaffin duk an sayar da su ƙasar Faransi, wato can wajen Damagaram. Kaya suka zauna ba mai tambaya. Maƙera suka zo suka ɗora su a sikeli, suka taya fam goma sha biyar, kuɗin ƙarfe. Matarsa, Maman Nkechi, ta ce in ba ta sami fam saba'in ta zuba kayan sababbin motoci ba, ƙarshen wata za ta rufe shago su hau jirgi su koma Gabas. Nkechi kuwa ita ce ƙawata tun muna rarrafe a ƙarƙashin teburin shagon.

Baba ya ce, "Motocin ba mutuwa suka yi ba, ƙaura suka yi. Bari kayan su bi su." Ni kuma aka tafi da ni don Baba ba ya karatun boko, ga lamba a jikin kowane ƙunshi.

A Sabon Gari aka loda kaya a motar goro: akwati huɗu na sifirin da fistan da faifan kuloci, sai wani gwangwanin biskit cike da boris. Boris wani zoben ƙarfe ne mai 'yan duwatsun ƙarfe a ciki, a kansa ƙafar mota take juyawa. Guda sittin ne, kowanne a naɗe cikin takarda mai maiƙo, da lambar da Mista Eze ya rubuta da hannunsa. Maƙera ko aunawa ba su yi ba, sun ce a ba su gyara. Ni aka ɗora wa shi a cinya.

Nkechi ta zo rakiya da zanen barcinta. Ta ce, "Hajo, Mama ta fara ɗaure tukwane." Sai na gyara mata ɗankwali.

Mun tashi shida da kwata. Direbanmu Mamman Dogo ya sa ni gaba, tsakaninsa da Baba. Ya dubi gwangwanin ya ce, "Malam Sule, biskit kuka ɓoye mana?"

Baba ya ce, "Ci ɗaya, in haƙoranka na haya ne."

Mun sha fura a Kazaure da ƙarfe goma, ta kwabo biyu, aka zuba wa lagireto ruwa. Taya ta fashe sau biyu bayan nan, shi ya sa sai la'asar muka shiga Daura, mil tamanin da 'yan kai daga Kano. Mun sauka gidan wani mai goro, na kwana ɗakin tsohuwar gidan, na yi matashi da gwangwanina.

Lahadi: Kwangwalam zuwa Damagaram

Bakwai saura kwata muka bar Daura, ba mu daɗe ba muka isa iyaka a Kwangwalam. Kwastan ɗinmu suka duba takarda suka ɗaga itace. A can gaba ma'aikacin Faransi, wanda suke kira duwan, ya sa aka buɗe akwatunan. Bahaushe ne kamar mu, sai dai hularsa daban. Ya ce, "Nawa ne kuɗinsu?"

Baba ya ce, "A Kano fam goma sha biyar aka taya. A nan kuwa ban sani ba tukuna, abin da na zo tambaya ke nan."

Duwan ya yi dariya, ya yanka mana jikka uku. Jikka ɗaya kusan fam biyu ce a kuɗinmu. Baba ya biya daga aljihunsa, ya ce mini, "Uwata, kin ga kaya sun ƙara tsada ba su motsa daga akwati ba." Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Muna wucewa Mamman Dogo ya karkata mota zuwa hannun dama. Na ƙanƙame hannun Baba. Ashe a ƙasar Faransi ta dama ake tuƙi. A Matamaye na ga burodi dogo kamar taɓarya, Baba ya saya mini rabi. Mun isa Damagaram ƙarfe uku, gari mai manyan duwatsu, mil kusan ɗari da hamsin daga gida. Gwaggo Yalwa, yayar Baba, ta rungume ni ta ce na yi kama da kakata har kunya. Ruwa na da wuya a garin, da kofi ɗaya ta koya mini alwala.

Litinin: Tashar Zango

Baba bai ɗauki ko ƙusa ba da muka fita da safe. Ya ce ba a sa wa kaya kuɗi sai an ga masu bukatarsu. Muka zaga tasha. Ga motocin sojan nan kuwa, Baba yana shafa su kamar ya ga 'yan'uwa. Shi yana gaisawa da direbobi, ni ina bayansa kaina a ƙasa, don ba na iya duban maza. To, mai duban ƙasa yana ganin abin da ke ƙasa. Na ga motoci tara an ɗage su a kan duwatsu. Bakwai a cikinsu ƙafafun gaba ne aka cire, har kaji sun yi wurin kwanciya a ƙarƙashin ɗaya.

Da azahar mijin Gwaggo ya kawo wani babban ɗan kasuwa, Alhaji Bukar, zauren gida. Aka baje kaya, ina gefe ina karanta lamba da ƙaramar murya. Alhaji ya ɗaga sifirin ya yaba, ya ƙwanƙwasa fistan ya yaba. Da ya zo kan gwangwani sai ya ture shi da ƙafa ya ce, "Wannan kuma tarkace ne."

Ya taya duka jikka ashirin, fam arba'in ke nan. Na ga fuskar Baba ta saki. Ya kusa ninka tayin maƙera sau uku, ko da yake bai kai abin da Maman Nkechi take nema ba.

Alhaji ya ce, "Malam Sule, ka huta da zaman rana. Gobe ka kama hanyar gida. Tarkacen nan ma na ɗauke maka nauyinsu."

Amma ni na lura da wani abu. Tun da ya ture gwangwanin bai janye ƙafarsa daga jikinsa ba. Yana maganar sifirin, babban yatsansa yana kan murfin. Sau uku ya saci kallonsa, leɓɓansa suna motsi kamar mai ƙirga.

Baba ya buɗe baki zai ce albarka ko ya sallama, ban sani ba. Ban taɓa katse maganar manya ba. Na ja bakin rigarsa na ce, "Baba, ƙishirwa."

Alhaji ya ce, "'Yar boko ba ta san hanyar randa ba?" Aka yi dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma Baba ya dube ni, ya tashi ya biyo ni soro na biyu. Na gaya masa zancen ƙafar Alhaji, da motoci bakwai marasa ƙafafun gaba.

Ya dafa kaina. Sai ya ce, "Ni ina kallon injuna, ke kina kallon ƙafafu." Ya koma ya ce wa Alhaji a bar maganar sai gobe.

Talata: Ranar ciniki

Da sassafe muka koma tasha da boris biyu kawai a aljihun Baba. Ya nuna wa wani direba mai suna Isufu, wanda kaji suka tare a motarsa. Mutumin ya karɓa da hannu biyu. Ya ce yashin hanyar Agadas ne yake cinye boris, kuma na Faransi ba ya shiga motar Ingila, awonsu daban. Wata biyu ke nan yana zaune. Tsoho ma, in an samu, jikka biyu ake sayar da guda biyu.

Mamman Dogo ya raɗa wa Baba, "Sa jikka uku! Wallahi za su biya."

Baba ya ce, "Mutum biyu za su biya, sauran su ci gaba da kiwon kaji. Kuma duk wanda ya biya zai riƙe ni a zuciya." Ya sa jikka ɗaya a kan guda biyu. Isufu ya sake tambaya, don ya zaci bai ji daidai ba.

Kafin azahar guda arba'in sun tafi, don har masu motoci lafiyayyu sun saya sun ajiye. Ni nake duba lamba in miƙa. Takardar na farkon da aka kwance ta faɗi ƙasa, na tsince ta na soke a zanena.

Da la'asar sai ga Alhaji Bukar da kansa. Ya ce, "Malam Sule, ka ɓata mini kasuwa."

Baba ya ce, "Na bar maka ashirin, Alhaji. Kai mai ɗauka da yawa ne, kuma kai za ka zauna da su har a nema, kuɗinka ba zai zama ɗaya da na direba ba." Ya ba shi ashirin ɗin a jikka bakwai, manyan kayan kuma a jikka goma sha biyar. Suka tafa. Alhaji ya waiwayo ya ce, "Ke mai ƙishirwa, kin sha ruwan?" Na rufe fuska da mayafi. Da yamma ya aiko mini da dabinon Agadas cikin ƙwarya.

Na tambayi Baba yadda abu ɗaya ya zama gyara a Kano, ya zama kuɗi biyu daban a Damagaram. Ya ce, "A Kano nauyinsa suka auna, Uwata. A nan zaman Isufu na wata biyu aka auna. Ni dai ban so in auna shi duka ba."

Da za mu shiga gida muka ji ƙara. Motar Isufu ce ta sauka daga kan duwatsu, kaji suna ta gudu, yana ta danna mana ƙaho.

Laraba da Alhamis: Komawa

Gwaggo ta yi kuka, ta ba ni cuku in kai wa Inna. Mun bar Damagaram ƙarfe shida, motar ta ɗauko fatu. A Kwangwalam Baba ya canja jikka arba'in da biyu, suka zama fam tamanin da 'yan kai. Bai cire abin da ya biya duwan ba, ya kuma ce kada in faɗa. Ga shi na faɗa, Allah ya sa ya yafe mini. Mun sake kwana a Daura, muka iso Sabon Gari ranar Alhamis da ƙarfe biyu.

Mun tarar da Maman Nkechi a ƙofar shago, turminta ɗaure da igiya a gefe. Ta ga gwangwani a hannuna, ta karɓa ta ji nauyi, sai idonta ya cika. Ta ce, "Ba komai, Malam Sule. Kun yi ƙoƙari."

Baba ya ce, "Buɗe mana, Madam."

Ta buɗe ta ga dabino. Ta tona, ta taɓo ƙunshin kuɗin a ƙasa. Ta zauna a kan turmin, ta kira Nkechi ta ce ta kawo wuƙa a yanke igiyar nan.

Ni kuma na zaro takardar nan mai maiƙo na ba Nkechi. Ta dubi lambar, ta ce, "Bakwai ɗin Papa ce, mai sanda a tsakiya." Ta ninke ta ta sa a aljihu, ta kama hannuna, muka shiga ƙarƙashin teburin shago da dabino, duk da mun yi masa girma.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Gwaggo da mijinta, da Mamman Dogo da ya ba ni kujerar gaba, da Baba da ya tashi ya biyo ni da na ce ƙishirwa.