Bangon Ɗakin Inna

Gidanmu na Argungu ginin ƙasa ne, a gangaren da ke kallon fadama. Ɗakin mahaifiyata, Inna, shi ne na ƙurya, kuma ko da bazara sanyi gare shi. In marka ta kama, gindin bangon yakan yi duhu da danshi, bayan kaka ya bushe da kansa. Ba wanda ya taɓa damuwa. Inna tana barin tazara tsakanin gadonta da bango, akwai kuma kafofi biyu can sama kusa da azara inda iska ke ratsawa. A tsakaninsu gafakar Baba take rataye tun rasuwarsa. Littafin fiƙihu ne a ciki, wanda ya kwafa da hannunsa, takardu a ware ba ɗinki, kuma a bayan takardar ƙarshe ya rubuta ranar haihuwar kowannenmu, mu biyar. Ban taɓa zama na karanta wurin ba, tunda ai yana nan. Inna ba ta karatu, amma duk shekara in ruwa ya ɗauke takan shanya takardun a tabarma, ta danne su da duwatsu, ta zauna korar kaji.

Ni na ɓata wannan tsari. Shekarar da na fara koyarwa a Birnin Kebbi na kama ɗaki mai filasta da fenti a unguwar Badariya, da na zo hutu sai bangon Inna ya ba ni kunya. Na kawo magini ya yi wa ɗakin filastar siminti ciki da waje, ya toshe kafofin saboda ƙadangaru, aka shafa shuɗin fentin mai. Maginin ya yi gunagunin cewa siminti ba ya zama lafiya a kan tsohuwar ƙasa, na ce masa aiki na kira shi, ba shawara ba. Na sayo kabad na katako na manna shi da bango, na sauke gafakar na sa a ciki.

Inna ta tsaya bakin ƙofa tana kallo.

"Ɗiyata, bangon ƙasa lumfashi shika yi," ta ce. "Kin toshe mai hanci."

Na ce mata zamani ya wuce nan. Maƙwabta suka yi ta shigowa ganin ɗaki suna sa mini albarka, ni kuwa ina ta hura hanci. Ranar komawata na kulle kabad ɗin don kada a taɓa littafin, na jefa makullin a jakata.

Da damina ta yi nisa Inna ta kira ni ta ce ɗakin yana wari. Na ce ta sa turaren wuta. Bayan ruwa ya ɗauke ta sake kira, ta ce lokacin shanya ya yi, in aiko makulli. Ina fama da jarrabawar yara, na ce ta bari in zo, ai littafi yana cikin katako, me zai same shi.

Wata biyu bayan haka na zo. Fentin ya yi ƙuraje, in ka danna sai ya fashe farin gishiri ya zubo. Da muka ja kabad ɗin, bangon bayansa baƙi ƙirin ne da fumfuna, katakon ya jiƙe ya kumbura. Gafakar ta yi koren gashi. Takardun tsakiya sun tsira da ɗan tabo, amma na ƙarshe, waɗanda ke ta wajen bango, sun manne da juna. Na ɓamɓaro ta ƙarshen a hankali, tawadar ta narke ta zama layuka biyar na dabbare. Na ji haushin kaina ƙwarai, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi.

Maginin ya dawo, ya fasa simintin har ƙugu, ya buɗe kafofin, ya yi yaɓen ƙasa. Aka ja gado daga bango, kabad ya koma rumfa ana sa kwanoni.

Washegari Inna ta shanya abin da ya rage. Na zauna gefen tabarma riƙe da takardar ƙarshe. Ta miƙo yatsa ta ɗora a kan dabbare na uku.

"Ga ki nan," ta ce. "Ran Laraba anka haihe ki, ana yankan shinkafa. Kwanan watan kau Babanki ɗai yas sani."

Ta karɓi takardar ta shimfiɗa ta tare da sauran, ta danne da dutse.